Yadda Ake Bin Sawun Suna: Daga Iskandar Zuwa Aleksandros na Girkawa

Ana saura kwana uku suna ƙanena ya kira ni. Mai ɗakinsa ta sauka lafiya, an samu ɗa namiji, kuma tun cikin yana ƙarami ya ƙudurta cewa Iskandar zai sa masa. Gwaggonmu ta ce ba da ita ba, duk sunayen da ke duniya a rasa wanda za a raɗa wa jariri sai wanda ya fara da iska. "Yaya," in ji shi, "don Allah ka binciko mini asalin sunan nan, in samu abin da zan faɗa wa Gwaggo."

Ban ga laifin Gwaggo ba. Suna riga ce da mutum zai sa har kabari, wanda ya tsaya ya duba ɗinkinta kuwa ƙauna ce ta sa shi. Amma kunne ba ya yanke hukunci a kan asalin suna. Abin da ke yankewa shi ne shaidar da aka rubuta, da kuma ƙa'idar yadda sauti ke sauyawa idan kalma ta bar wani harshe ta shiga wani. Hanyar da na bi a waɗannan kwanaki uku ita zan shimfiɗa a nan, kuma za ta yi maka aiki a kan kowane sunan Girkanci da ka ci karo da shi.

Mataki na farko: ajiye abin da kunnenka ya raya maka

Samu takarda ka rubuta sunan yadda ka ji shi, da duk yadda ka taɓa jin an furta shi: Iskandar, Iskandari, Askandar. Wasalin ƙarshe na Iskandari namu ne. Harshen Bahaushe ba ya son rufe suna da baƙi, shi ya sa Umar ya koma Umaru, Yusuf ya koma Yusufu. Cire shi ka ajiye gefe.

Sai ka yi wa kanka tambaya guda: ana amfani da sunan nan a wuraren da ba a jin Hausa? Idan amsar i ce, to, duk wata fassara da aka ɗora a kan kalmar Hausa ta faɗi. Akwai İskender a Turkiyya, Sikandar a Fakistan da Indiya, Iskandar a Malesiya da Indonesiya, Eskender a Habasha. Mutanen nan ba su san iska ba, balle iskanci ko iskoki. Haɗuwar sauti ce kawai, irin wadda ake samu tsakanin kowane harsuna biyu idan aka jera kalmominsu. Wannan gwajin ba ya cin minti biyar, amma shi ke tsare mutum daga yawancin kurakuran da ake yi a wannan fanni.

Mataki na biyu: nemo ƙofar da sunan ya shigo

Suna ba ya tsallake teku da kansa, mutane ne ke ɗauko shi. Ga Bahaushe, ƙofofi biyu ne aka fi shigowa ta cikinsu: Larabci ta hanyar malamai da fatake, da Turanci ko Faransanci ta hanyar boko. Iskandar ta ƙofar Larabci ya shigo. A littattafan Larabci za ka same shi da alif da lam, al-Iskandar, kuma birnin Masar da muke kira Iskandariyya sunansa ya ci.

Daga nan duba ko sunan ɗan gida ne a Larabci ko shi ma baƙo ne. Sunan Larabci na asali yana komawa ga tushe mai baƙaƙe uku a mafi yawan lokuta: Mahmud da Ahmad da Hamid duk suna komawa ga ha, mim da dal. Gwada wannan a kan Iskandar, za ka tarar da sin, kaf, nun, dal, ra, baƙaƙe biyar da ba su haifi wani fi'ili ba. Wanda ya yi karatun nahawu a zaure zai ƙara da wata shaida: sunayen ajami ba sa karɓar tanwini, kamar Ibrahim da Isma'il, kuma Iskandar a wannan layin yake. Malaman Larabawa da kansu sun kula da irin waɗannan kalmomi, har al-Jawaliƙi na Bagadaza ya tattara su a littafi guda, al-Mu'arrab, a ƙarni na 12. Idan ka tabbatar sunan baƙo ne, sai ka tambayi wane ne Larabawa ke kira da shi. Amsar a fili take: sarkin Makidoniya ɗan Filibus, almajirin Aristo, wanda Turawa ke kira Alexander.

Mataki na uku: rubuta shi da harafin gidansu, ka cire rigar nahawu

A nan mutane da yawa ke ja da baya, suna ganin sai wanda ya iya Girkanci. Ba haka ba ne. Haruffan Girkanci 24 ne, ana iya haddace su a yini guda, kuma wanda ya iya boko ya riga ya san kusan rabinsu. Ga sunan: ΑΛΕΞΑΝΔΡΟΣ, wato Aleksandros. Ka lura da harafi na huɗu, Ξ. Harafi ɗaya ne amma sauti biyu yake ɗauke da su, k da s a jere. Riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ƙarshen sunan, wato os, ba ya cikin saiwarsa. I'irabi ne, tamkar yadda Balarabe ke cewa Muhammadun, Muhammadan, Muhammadin. Idan Aleksandros ne ya yi aikin, sai a ce Aleksandros. Idan ana kiransa ne, a ce Aleksandre. Idan abu nasa ne, a ce Aleksandru, kuma wannan siffar ce za ka gani a jikin sulallan azurfa da aka buga da sunansa, ΑΛΕΞΑΝΔΡΟΥ, ma'ana "na Aleksandros". Wanda bai san haka ba zai ɗauka sunaye uku ne. Cire ɗafa-ƙeyar, abin da ya rage shi ne Aleksandr, kuma shi za ka yi aiki da shi.

Mataki na huɗu: raba sunan gida biyu

Yawancin tsofaffin sunayen mazan Girkawa kalmomi biyu ne aka ɗinke. Filippos, sunan mahaifin sarkin, filos ne da hippos, mai son doki. Nikolaos nasara ce da jama'a. Idan ka samu irin wannan suna, nemi wurin ɗinkin.

Aleksandr yana rabuwa zuwa aleks da andr. Na farkon daga fi'ilin alekso yake, wanda ke nufin karewa, tsarewa, tunkuɗe cuta. Na biyun daga aner, wato namiji, wanda ke komawa andros idan aka ce "na namiji". Kada ka karɓi wannan rabon don kawai na faɗa, ko don wani shafin intanet ya faɗa. Gwada kowane ɓangare ka ga ko yana zaune a wasu kalmomi da ma'ana guda. Andr yana cikin Andreas, wanda Kiristocin Hausa ke kira Andarawus, yana cikin Menandros da Lisandros da Leandros. Aleks yana cikin Aleksios, kuma Girkawan dā suna yi wa Herakles, gwarzon tatsuniyoyinsu, kirari da aleksikakos, mai tunkuɗe sharri, suna kiran makarin guba aleksifarmakon. Abin da ya fi burge ni shi ne har yau kalmar tana raye a titunan Atina. Ƙarfen da ake kafawa a kan dogon gini don ya janye tsawa sunansa aleksikeravno, mai kare tsawa. Lemar da soja ke dira da ita daga jirgin sama aleksiptoto ce, mai kare faɗuwa. Rigar da harsashi ba ya huda ta aleksisfero. Idan ɓangare ya bayyana a wurare da yawa haka da ma'ana ɗaya, ka taka ƙasa mai ƙarfi. Ƙamus ɗin Liddell da Scott, wanda aka fara bugawa a 1843, yana nan kyauta a intanet, a cikinsa za ka duba duk waɗannan tsofaffin kalmomi.

To, mece ce ma'anar sunan gaba ɗaya? An fi fassara shi da "mai kare mutane". Amma ka dubi misalan da na kawo: a cikin aleksikakos, abin da ya biyo bayan aleks shi ne abin da ake tunkuɗewa. A kan wannan awo Aleksandros na iya zama "mai tunkuɗe maza", wato wanda mazajen abokan gaba ba sa iya ƙetare shi. Fi'ilin yana ɗaukar ma'anonin biyu, ya danganta da i'irabin kalmar da ta biyo shi, kuma a cikin haɗaɗɗen suna i'irabin ba ya fitowa. Ni a ganina babu buƙatar zaɓen ɗaya. Wanda ya tsaya a bakin ganuwa yana korar maza, mutanensa yake karewa. Bahaushe yana da kalmar da ta haɗa duka biyun, garkuwa, kuma ita na faɗa wa ƙanena.

Mataki na biyar: nemi shaida mafi tsufa

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauka suna ya fara ne daga mutumin da ya fi shahara da shi. Iskandar mai cin ƙasashe an haife shi a Fella a shekara ta 356 kafin haihuwar Annabi Isa Alaihis Salam, ya rasu a Babila a 323, bai cika shekara 33 ba. Amma a jerin sarakunan Makidoniya shi ne Aleksandros na uku. Na farkonsu ya yi mulki tun zamanin yaƙe-yaƙen Girka da Farisa, a farkon ƙarni na 5 kafin Miladiyya. Saboda haka dole ka ci gaba da komawa baya.

A waƙar Homer, mawaƙin Girkawan dā, ta yaƙin birnin Taroya, wadda ake kai wa wajen ƙarni na 8 kafin Miladiyya, ɗan sarkin da ya ɗauke Helen ya jawo yaƙin yana da suna biyu, Faris da Aleksandros, kuma mawaƙin ya fi yawan kiransa da na biyun. An daɗe ana ɗaukar wannan a matsayin shaida mafi tsufa, har sai da aka tono ma'ajiyar allunan yumɓu na sarakunan Hittiyawa a Hattusa, tsakiyar Turkiyya ta yau. A cikinsu akwai yarjejeniyar da sarki Muwatalli na biyu ya ƙulla wajen 1280 kafin Miladiyya da sarkin wata ƙasa mai suna Wilusa. Sunan wancan sarki Alaksandu. Masana da yawa suna ganin Wilusa ita ce Ilios, ɗaya sunan Taroya, wanda a tsohon furuci Wilios ne. Ka ga sarki mai suna Alaksandu a kan gadon garin da Homer ya ce ɗan sarkinsa Aleksandros ne, fiye da shekara 900 kafin a haifi na Makidoniya. Wannan bai tabbatar da cewa mutum ɗaya ne da na cikin waƙar ba, kuma kada ka rubuta haka. Abin da ya nuna shi ne sunan yana yawo a gaɓar tekun Ejiyan tun wancan zamani.

Akwai wata shaidar daga cikin Girka kanta, kuma ta mace ce. Kafin Girkawa su ari haruffa daga Finikiyawa suna da wani rubutu da ake kira Linear B, wanda kowace alama gaɓa ce guda, baƙi da wasali. Ba a iya karanta shi ba sai a 1952, lokacin da wani Bature ɗan Ingila mai zanen gine-gine, Michael Ventris, ya warware shi ya nuna Girkanci ne. A wani allo da aka samu a Mikenai, na ƙarni na 13 kafin Miladiyya, akwai jerin sunayen mata, ɗaya daga ciki an rubuta a-re-ka-sa-da-ra. Kallon farko ba za ka gane ta ba, sai ka san ƙa'idar rubutun: ba ya bambanta l da r, ba ya iya jera baƙi biyu sai ya cusa wasali a tsakani, kuma ba ya rubuta n idan baƙi ya biyo ta. Mayar da waɗannan, sai ga Aleksandra. Wanda ya saba karanta ajamin da ba a yi wa wasali ba zai fahimci wannan nan take, domin shi ma abin da ke kan takarda rabi ne, sauran yana kan mai karatu.

Don wasu sunayen, wurin da za ka fara dubawa shi ne babban kundin sunayen Girkawa da ake tattarawa a Jami'ar Oxford, wanda juzu'insa na farko ya fito a 1987. Yana nuna gari da zamanin da aka samu kowane suna a rubuce, a jikin dutse ko kabari ko sulalla, kuma ana iya bincikarsa a intanet.

Mataki na shida: leƙa gidan 'yan'uwa

Wannan ba ya buƙatar dogon zama. Girkanci dangi ɗaya ne da Sanskirit na Indiya da Farisanci da Latin, kamar yadda Hausa take dangi da Bolanci da Angas. A Sanskirit namiji nar ne ko nara, ɗan'uwan aner. Karewa kuma raksh, ɗan'uwan aleks, domin l ta Girkanci sau da yawa r ce a can. Wannan kwatancen yana warware wani ƙulli: daga ina d ta fito a andros, alhali babu ita a aner? Asalin kalmar anros ce, sai harshe ya ji nauyin tsallakawa daga n zuwa r, ya kafa d a tsakani ta zama matakala. Duk d da ke cikin Iskandar da Sikandar da Sandro, wannan matakalar ce.

Mataki na bakwai: ba da hujjar kowane sauti da ya canza

Nan ne zuciyar aikin. Bai isa ka ce Iskandar daga Aleksandros yake ba don sun yi kama. Sai ka nuna inda kowane harafi ya tafi, ka kuma kawo wata kalmar da irin wannan canjin ya same ta. Idan ka kasa, ka riƙe maganarka tukuna.

Fara da ƙarshe. Os i'irabin Girkanci ne, masu aro suka yar da shi, sai dr ta rage a ƙarshe, aka buɗe ta da wasali ta zama dar. Marubutan Babila na zamaninsa ma haka suka rubuta shi a allunansu, Aleksandar. Sai farko. Balarabe ya ji Al a bakin sunan, ya ɗauka alif da lam ɗinsa ne na ma'arifa, ya raba shi al da Iksandar. Wannan shi ne bayanin da masana suka fi tafiya a kai, kuma shi ya sa littattafan Larabci ke rubuta shi da alif da lam, alhali ba sa yi wa Aflaɗun ko Suƙraɗ haka. Da sunan ya wuce Farisa da Turkiyya sai aka bar al a baya gaba ɗaya.

Wannan ya kamata ya yi wa Bahaushe daɗin ji, domin mu akasin haka muka yi. Larabawa sun yanke al da ba tasu ba, mu kuma muka haɗiye tasu muka mayar da ita jikin kalma. Albasa, alƙali, aljihu, almakashi, duk da ita muka ɗauko su. A wasu ma l kaɗai ta rage: al-kitab ya zama littafi, al-khabar labari, al-imam liman, al-afiya lafiya. Cuta ɗaya ce ta fuskoki biyu, mai aro ba ya ganin inda kalmar wani ta fara. Alƙalami kuwa ya bi hanya irin ta Iskandar sak, domin ƙalam na Larabci daga kalamos na Girkanci yake, wato kara, sai dai shi ya iso mana da al a goshi.

Saura tsakiya, inda Ξ take. Ks ta juya ta zama sk, Iksandar ya koma Iskandar. Musayar gurbi ake kiran wannan, kuma ba sai ka je nesa neman misali ba: bagaruwa da gabaruwa, hawainiya da wahainiya, bincike da binkice. Wasalin e kuma ya koma i saboda Larabci fatha da kisira da ruf'a kawai yake da su. To, ka ga iskar da ta tsorata Gwaggo: i daga e ta Girkanci, sk daga ks da aka juya, a daga farkon andros. Rabin kalmar karewa ce da harafin farko na kalmar namiji suka haɗu a wurin.

Ta ɓangaren yamma labarin ya fi sauƙi. Rumawa suka ce Alexander, bisa al'adar Latin ta mayar da ros zuwa er. Italiyawa suka narkar da ks ta zama ss, Alessandro. Mutanen Sifaniya suka kai sautin maƙogwaro, Alejandro. A tsaunukan Sikotilan ya zama Alasdair. Sannan ga gajerce-gajercen gida: Sandro a Italiya, Sándor a Hungari, Sender a bakin Yahudawan gabashin Turai, Sasha a Rasha. Idan Sasha ya yi maka nisa da Aleksandr, tuna cewa Habu da Bukar da Garba duk Abubakar ne, kuma baƙon da bai san mu ba ba zai taɓa yarda ba sai an nuna masa.

Mataki na takwas: wa ya ɗauki sunan, yaushe?

Sauti yana gaya maka yadda suna ya canza, tarihi ke gaya maka dalilin da ya sa ya yi tafiya. A nan kam sarkin Makidoniya ne ya yi aikin. Cikin shekara goma sha ɗaya ya kai runduna daga Girka zuwa Masar, ya karya Dariyus na uku, sarkin Farisa, a Gaugamela a 331 kafin Miladiyya, ya kai bakin kogin Jhelum a Fanjab a 326, yana kafa garuruwa yana sa musu sunansa. Bayan mutuwarsa sunan ya zama na sarauta. Sarki Ashoka na Indiya, a rubutun da ya sa aka sassaƙa a jikin duwatsu a ƙarni na 3 kafin Miladiyya, ya ambaci wani sarkin Girkawa da suna Alikasudara. Yahudawa suka ɗauka, har sarkinsu Aleksanda Yannai ya yi mulki daga 103 zuwa 76 kafin Miladiyya. A Linjilar Markus an ambaci wani mutumin Kurane, a Libiya ta yau, wanda ɗaya daga 'ya'yansa ke da wannan suna. A Masar an rubuta shi da rubutun fir'aunoni, kuma yana cikin sunayen da masanin Faransa Champollion ya karanta a 1822 lokacin da yake warware wannan rubutu.

Ba kowa ne ya so shi ba. Majusawan Farisa, waɗanda ya ƙona wa fadar Fersefolis, "la'ananne" suke haɗawa da sunansa a littattafansu. Amma bayan zuwan Musulunci mawaƙan Farisa irin su Firdausi da Nizami suka mayar da shi sarki mai neman hikima, kuma da wannan kamar ya bazu a duniyar Musulmi. Sikandar Lodi ya mulki Delhi daga 1489 zuwa 1517. Iskandar Muda ya mulki Aceh, a Indonesiya ta yau, daga 1607 zuwa 1636. Turkawa suka yi wa wani jarumin Albaniya, Gjergj Kastrioti, laƙabi da İskender Bey, shi ne Skanderbeg wanda ya rasu a 1468. A Habasha ta Kirista sarki Eskender ya hau gado a 1478, da siffar sunan irin ta Larabci, abin da ke nuna maka cewa hanyar da suna ya bi ba lallai ta zama hanyar addini ba.

Mataki na tara: ramuka biyu da ake faɗawa

Na farko shi ne Zulƙarnaini. Da yawa za su ce maka ai Iskandar shi ne Zulƙarnaini na cikin Suratul Kahfi, daga aya ta 83 zuwa ta 98. Raba maganar gida biyu. Ta fuskar harshe, Zulƙarnaini Larabci ne tsantsa, ma'abocin ƙaho biyu, ba fassarar Aleksandros ba ce kuma ba su haɗa tushe ba. Ta fuskar wanda ake nufi, Alƙur'ani bai ambaci sunan Iskandar ba, malaman tafsiri kuma sun saɓa. Wasu sun ce shi ne, kuma akwai sulallan da aka buga bayan mutuwarsa masu hotonsa da ƙahon rago, alamar Amun, abin bautar Masarawan dā, wanda Iskandar ya ziyarci ɗakin bautarsa a Siwa ta Masar. Ibn Kasir ya ƙi wannan, ya ce bawan Allah na cikin surar daban yake da ɗan Filibus mai bautar gumaka. Abul Kalam Azad na Indiya ya karkata ga Sairus na Farisa. Wannan muhawara ta malamai ce, mai bin sawun suna ya ambace ta ya bar musu. Ni dai ban yarda a ce wa uba "sa masa Iskandar, sunan Alƙur'ani ne" ba, domin ba haka ba ne, kuma gaskiyar sunan ta ishe shi ado.

Na biyu Kandahar ce ta Afganistan. Gaskiya ne akwai garin da aka kafa da sunan Iskandar a wurin, kuma ana yawan cewa Kandahar daga Iskandar ta fito. Amma gwada mataki na bakwai a kanta: ina is ta tafi, daga ina h ta shigo? Wasu masana suna danganta sunan da Gandhara, sunan wani tsohon yanki a Fakistan da Afganistan na yau. Irin wannan sai ka rubuta shi a layin "ana cewa". İskenderun ta kudancin Turkiyya kuwa, sarƙarta a haɗe take tun daga Girkanci, ita tana layin tabbas.

Mataki na goma: rubuta sakamakon a layi uku, ka gwada hannunka

Ja layi biyu a takardarka ta zama gida uku. A gidan farko sa abin da ke da shaida a rubuce da ƙa'idar sauti: Iskandar daga Aleksandros yake ta hanyar Larabci, aleks karewa, andr namiji, siffar macen tana rubuce tun ƙarni na 13 kafin Miladiyya. A na biyu sa abin da masana suka rinjayar: Alaksandu na Wilusa wannan sunan ne, kuma Larabawa sun ɗauki Al a matsayin tasu. A na uku sa abin da ake saɓani a kai, Zulƙarnaini da Kandahar. Idan za ka faɗa wa wani, faɗa masa gidan da kowace magana take.

Daga nan ɗauki wani sunan ka bi da shi ta matakan. Istifanus yana da daɗin farawa: Stefanos ne, kambin ganye da ake ɗora wa wanda ya yi nasara, kuma i ta farko Larabci ne ya ƙara ta don ba ya fara kalma da sukun, kamar yadda Platon ya zama Aflaɗun. Bitrus daga Petros, dutse, inda p ta koma b saboda babu ita a Larabci. Bulus zai gwada ka, domin ya yi kama da su amma asalinsa Latin ne, Paulus, ƙarami, Girkanci zango kawai ya yi masa.

Daren jajibirin suna na je gidan Gwaggo da takardata. Na durƙusa na gaishe ta, na karanta mata gidan farko kaɗai, na ce ma'anarsa garkuwar mutane, kuma babu ruwansa da iska. Ta sa na maimaita sunan Girkancin sau biyu, ta gwada shi a bakinta, sannan ta tambaye ni ko sarkin nan Musulmi ne. Na ce a'a, Gwaggo, ya riga Annabi Isa da fiye da shekara 300, amma sarakunan Musulmi da yawa sun ci sunan bayansa. Ta yi shiru, ta ce a kira mata liman ta ji ta bakinsa. Da safe aka raɗa wa yaro Muhammadu Iskandar, ita kuma tun ranar Garkuwa take kiransa.